Ruwan Sama Na Allah Ne, Amma Wa Ya Toshe Lambatu?

Laccar da Magatakardan Jam'iyya na Reshen Tarauni ya karanta a gaban 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. Mun buga ta duka domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

   

Mun sani da yawa cikinku sun rufe rumfa da wuri ne da tsammanin za su ji maganar zaɓe, ko ta kuɗin da a ke karɓa wurin 'yan kasuwa. Waɗannan suna nan tafe, ba za su gudu ba. Yau kwamiti ya umurce mu mu yi magana a kan abin nan da masu ilmi su ke kira sauyin yanayi, da kuma yadda mu talakawa muka ɗauke shi. Muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku har ƙarshe, domin za ku ga ashe maganar ba ta fita daga cikin kasuwa ba, ba ta kuma fita daga cikin siyasa ba.

Akwai wata ƙungiya mai suna Afrobarometer, aikinta shi ne zagaya ƙasashen Afirka tana tambayar jama'a ra'ayinsu. Da ta yi tambaya a Nijeriya a shekarar 2022, sai ta tarar kamar mutum uku ne kaɗai cikin goma suka ce sun taɓa jin wani abu wai shi sauyin yanayi. Wanda ya ji wannan lissafi sai ya girgiza kai ya ce talaka yana cikin duhu. Mu ba mu yarda da haka ba. Sunan ne bai zo kunnen mutum bakwai ɗin nan ba, amma abin kansa ya daɗe da shiga ɗakinsu. Je ka wurin tsohon da ya yi noma a bayan Unguwa Uku tun kafin gine-gine su cinye gonakin. Zai gaya maka da can in shamuwa ta sauka, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, kuma in ya yi shuka hankalinsa a kwance ya ke. Yanzu kuwa sai a yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, mutane su zuba iri, sa'an nan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone, a koma neman wani irin. Je ka wurin mai tumatir, zai gaya maka kwandon da ya sauke da safe yadda ya ke zama ruwa kafin la'asar a lokacin bazara. Mutanen nan sun san ciwon sarai. Abin da ya rage shi ne su san dalilinsa, su kuma san wanda za su riƙe.

MENE NE ABIN?

Bari mu faɗe shi a taƙaice da harshen gida. Rana tana dumama ƙasa, ƙasa kuma tana mai da wani sashe na zafin nan sama. To, tun da Turawa suka fara aiki da injuna, shekara fiye da ɗari biyu ke nan, a ke ƙone gawayin ƙasa, watau kwal, daga baya aka haɗa da man fetur da gas. Hayaƙin da ke fita daga cikinsu ba ɓacewa ya ke yi ba. Taruwa ya ke yi a sama, ya zama kamar bargo ya lulluɓe duniya, ya tare zafin da ya kamata ya fita. Masu awo sun ce kafin zamanin injuna wannan iska ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu kuwa ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce ta fi kowace shekara zafi cikin duk waɗanda aka auna kafinta, har zafin duniya ya ɗara na zamanin kakanninmu da kamar digiri ɗaya da rabi.

Wani zai ce, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? To, duk uwar da ta taɓa kai yaro asibiti ta san in zafin jikinsa ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi malamin asibiti ba ya cewa a koma gida lafiya lau ne.

Mun zagaya rumfuna da majalisu, mun saurari abin da jama'a ke faɗi in an tada wannan zance. Maganganu huɗu ne suka fi yawa a bakin mutane. Kowace cikinsu tana da gaskiya a ciki, kowace kuma tana da rami. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

"IKON ALLAH NE"

Wannan ita ce magana ta fari, ita ce kuma ta fi nauyi. Haƙiƙa ruwan sama na Allah ne. Babu gwamna ko shugaban ƙasa da ya isa ya saukar da ɗigo ɗaya, shi ya sa in ruwa ya ɗauke mu ke fita fili roƙon ruwa, babba da yaro. Babu mai jayayya da wannan a cikinmu.

Amma fa, 'yan'uwa, kakanninmu sun fi mu tawakkali, duk da haka sun gina rumbu. Malamanmu suna karanta mana labarin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, sa'ad da aka ba shi sanin shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. Ai bai ce wa mutanen Masar su naɗe hannu su jira ba. Hatsi ya sa aka tara tun cikin yalwa, da shi aka tsira. Watau sanin masifa tana tafe shi ma ni'ima ce, wanda ya ƙi aiki da shi kuwa ya yi butulci.

Ku lura da waɗanda suka fi son wannan kalma ta "ikon Allah". In ruwa ya ci unguwa, sai ka ga manya sun zo da jerin motoci, an tsaya gaban masu ɗaukar hoto, an ce a yi haƙuri ƙaddara ce, an raba taliya da tabarma, an wuce. Ba ka jin wanda ya tambaya wa aka ba kwangilar yashe lambatun, ko wa ya sa hannu a takardar filin da aka gina kan hanyar ruwa. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin da talaka ya ke ɗaukar aikin tilas da ƙwace da harajin zalunci a kan ƙaddara ce, har Malam Aminu Kano da 'yan'uwansa na NEPU, wadda aka kafa a garin nan a 1950, suka bi ƙauye ƙauye suna nuna masa cewa mutum ɗan'uwansa ne ya ɗora masa, mutum kuma ya ke iya saukewa. Wannan karatun ne mu ke so a maimaita a kan ambaliya. Saukar ruwa daban, hanyar da ruwan zai bi in ya sauka daban. Ta biyun nan a hannun mutane ta ke.

"DA MA CAN HAKA A KE YI"

Magana ta biyu ta dattawa ce, kuma suna da hujja. Ƙasar nan ta ga yunwar Kakalaba a 1913 da 1914. Ta ga farin 1972 zuwa 1974 wanda ya hallaka dabbobi ba iyaka daga nan har Nijar da Mali, aka sake ganin wani a 1983 da 1984. Ambaliya ma ba baƙuwa ba ce, domin a watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Saboda haka in dattijo ya ce mun ga jiya mun ga yau, ba mu da bakin musa masa.

Abin da ya sake shi ne yawan abin da ƙarfinsa. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar laima: kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana sa ta ɗauki ƙarin kamar kashi 7 cikin ɗari. Sai ta tsotse danshin ƙasa da sauri, gona ta bushe, sa'an nan ran da za ta sauke kayanta ta juye shi gaba ɗaya. Masana da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam sun buga sakamako a 2017, suka ce manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankinmu na Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wannan shi ne amsar tambayar da mutane ke yi mana da dariya, wai an ce hamada tana zuwa, ga shi kuwa ruwa ne ke cin mu. Fari da ambaliya 'ya'yan ciki ɗaya ne. Ruwan da a da ya kan sauko sannu sannu cikin marka, ƙasa ta sha ta ƙoshi, shi ne yanzu ya ke zuwa cikin 'yan sa'o'i, ya kwashe taki da shuka da katanga ya wuce.

Ku ƙidaya da yatsunku. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, maƙwabtanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri cikin dare, alhali an daɗe ana kukan madatsar tana bukatar gyara. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya auka wa garin Mokwa a Jihar Neja da asuba, aka tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150, ban da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Uku ke nan cikin shekara huɗu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi da naka.

Akwai kuma darasi cikin farin 1973 ɗin nan da a ke kawo mana misali da shi. A waɗannan shekaru ne Jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, ta duƙufa gina madatsun ruwa, aka gama ta Tiga a 1974. Shinkafa da tumatir da alkama da a ke nomawa da rani a Kura da Kadawa daga wannan ruwa su ke sha. Watau an taɓa yin masu mulkin da suka ga fari suka tashi suka yi aiki. Me ya hana na yanzu, da kuɗin da ke shigowa ya ninka na wancan zamani?

"WANNAN TA MANOMA CE"

Magana ta uku a bakin 'yan birni mu ke jin ta. Mai shago ya ce shi ba ya da gona, ina ruwansa da damina? To, Alhaji, kwanon geron da ka ke awo a kasuwar Tarauni daga ina ya fito? Daga Dawanau. Dawanau kuwa daga gonar wancan manomi da ya yi shuka sau biyu. In damina ta yi gardama a Ɗambatta ko Gumel ko Maraɗi, ba a yin wata uku sai ka ji ta a bakin mai awo. In hatsi ya yi tsada, magidanci ya kan zuba duk abin da ya samu a tukunya, sai mai atamfa da mai takalmi da tela su wuni ba ciniki. Ba mu ce duk tsadar da mu ke ciki daga sama ta zo ba. Janye tallafin mai a 2023, da faɗuwar naira, da 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina, duk suna da babban kaso. Amma jakin da aka riga aka yi wa lodi fiye da kima, ɗan ƙarin dami ɗaya ya isa ya durƙusar da shi.

Ku tuna dalar gyaɗa, wadda da ita aka san Kano a duniya. Farin shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suna cikin abubuwan da suka rushe ta, tare da sakacin hukuma da ta koma dogara ga kuɗin mai. Manomi ne kaɗai ya yi asara? Ina dillalai, ina 'yan dako, ina masu ɗinkin buhu, ina masu motocin ɗauka?

Ruwan ma ai har cikin kasuwa ya ke biyo ɗan kasuwa. A watan Agusta na 2022 ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa yadi da atamfa da shadda na dukiya mai yawa, 'yan kasuwar da kansu suka yi ta kukan gine-ginen da aka yi barkatai sun toshe hanyoyin ruwa. A 2024 babbar kasuwar Maiduguri, wadda a ke kira Kasuwar Monde, ta kwana cikin ruwa. Babban attajiri in ya yi asara yana da wani sito a wani wuri. Mai jarin dila ɗaya, wanda da ma bashi ya karɓo, shi ke nan an tashe shi daga kasuwa.

"MAGANAR TURAWA CE, MU TA CIKI MU KE YI"

Magana ta huɗu ita ce ta fi ba mu tausayi. Mutum ya ce, Malam, ni abin da yara za su ci yau na ke nema, ka zo kana ba ni labarin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Gaskiyarsa. Laifin na waɗanda suka kawo zancen ne, domin a otal su ke yinsa, da Turanci, cikin ɗaki mai sanyi, su tashi a raba musu kuɗin zama. Talaka ya hanga ya ga ba da shi a ke ba, sai ya ce wata sabuwar hanyar ci ce 'yan boko suka samo.

To, ga abin da ya kamata ku sani. Nahiyar Afirka duka, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, hayaƙin da ta ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Sin da Amurka da ƙasashen Turai su ke da kaso mafi tsoka. Su suka ci riba, mu mu ke biyan bashin. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara domin taimakon ƙasashe irin namu. A Faris a 2015 duniya ta ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙi. A Masar a 2022 aka amince a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Alkawarin manya kuwa kun san halinsa: a watan Janairu na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a takardar fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar Faris.

A gida ma akwai kuɗin. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli, inda a ke ware wani kaso daga asusun tarayya domin zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada, jihohi da ƙananan hukumomi suna da rabonsu. A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Akwai kuma shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Kano tana cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya. Duk waɗannan da sunanka a ke yin su, kai mai tura kurar ruwa, ke mai tuyar ƙosai. In ka ce ba ruwanka, ka bar wa waɗansu su karɓa a madadinka ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

MAI KISA BA HAYANIYA

Akwai wani abu da muka lura da shi cikin yadda jama'a ke auna haɗari. Mun fi tsoron abin da ya zo da ƙara. Ambaliya tana da ƙara, ana ɗaukar hotonta, ana faɗinta a rediyo. Zafi kuwa shiru ya ke aikinsa. Kun sani daga Maris zuwa Mayu zafin Kano ya kan haura digiri 40. A farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48 da rabi, asibitocin Bamako suka cika da marasa lafiya, masana da suka bincika kuma suka ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don hayaƙin da ɗan Adam ya tara ba.

Wa zafi ya ke ɗauka? Tsoho mai hawan jini, da jariri, da mace mai ciki, da lebura mai kwaɓa siminti da tsakar rana, da ɗan dako. In tsohuwa ta cika cikin ɗakin kwano da ba taga, ba wutar lantarki, sai a ce gajeruwar rashin lafiya ta yi. Ba mai rubuta cewa zafi ne. Wanda ya ke kwana cikin na'urar sanyaya ɗaki, janareta yana ruri a bayan gida, ba zai taɓa jin wannan a jikinsa ba, shi ne kuwa ya ke tsara kasafin kuɗi. Dubi unguwanninmu: an sare darbejiya an kafa shago, an shafe tsakar gida da siminti, an jera gidaje ba tazarar da iska za ta ratsa. Je ka unguwar manya ka ga inuwa. Har inuwa ma an yi mana kashin dankali.

NAMU KASON

Jam'iyyarmu ba ta saba yi wa talaka daɗin baki ba, saboda haka za mu faɗi wadda ta shafe mu. Ledar ruwan da aka sha aka jefa a kwata, da sharar da a ke jira hadari ya haɗo a tura wa lambatu, su ne su ke dawowa cikin ɗaki da tsakar dare. Kududdufan da kakanninmu suka bari a Kano, inda aka haƙi ƙasar gini, su ne tulunan da ke shanye ruwan unguwa. An cike da yawansu da shara an yanka filaye. Ruwa kuwa ba ya manta gidansa.

Amma a yi adalci wajen rabon laifi. Matar da ba a kawo wa unguwarsu motar kwasar shara ba, ina za ta kai? Magidancin da ya tara kuɗin shekara goma ya sayi fili cikin kwari, da takarda da hatimi, shi ya fi laifi ko wanda ya buga hatimin? Matar da ta ajiye tukunyar gas ta koma gawayi domin kuɗin gas ya fi ƙarfin mijinta, ita za a kama da laifin ƙarewar daji? Masu mulki suna son su tsaya a kan ledar talaka domin kada a kai ga takardun ofis. Mu za mu gyara namu, sa'an nan mu tambayi nasu da baki mai ƙarfi.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga bukatun da wannan reshe ya ke miƙa wa masu riƙe da mulki, na ƙaramar hukuma da na jiha da na tarayya.

Na ɗaya, a yashe manyan magudanan ruwa na unguwanni da kasuwanni kafin watan Mayu kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a riƙa manna wa jama'a a allon sakatariya nawa ne ya shigo daga asusun muhalli, da aikin da aka yi da shi, da sunan wanda aka ba kwangila.

Na uku, a daina ba da fili kan hanyar ruwa da sauran kududdufan da suka rage. In rusau ya zama tilas, a fara da ginin babba, a kuma biya talakan da hukuma da kanta ta ba takarda.

Na huɗu, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana faɗin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. A kawo wannan gargaɗi da Hausa har cikin kasuwa, ta bakin masu unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, tun da sauran lokaci.

Na biyar, injiniyoyi su riƙa duba madatsun Tiga da Challawa da Bagauda da sauransu kowace shekara, a karanta wa jama'a abin da suka gani. Kada mu zama Maiduguri ta biyu.

Na shida, dashen itatuwa ya tashi daga bikin yini ɗaya. A gaya mana guda nawa suka rayu bayan shekara, domin itacen da aka dasa gaban mai hoto akuya ta cinye washegari ba ya ba kowa inuwa.

Mu kuma 'yan jam'iyya ga namu aikin. Kowace mazaɓa ta sayi littafi ɗaya ta damƙa wa mai rubutu. A rubuta ranar ruwan fari, da ranar da ruwa ya ɗauke, da layin da ruwa ya kwanta, da gidan da ya faɗi, da rumfar da ta jiƙe, da kuɗin kwanon gero kowane wata. Abin da ba a rubuta ba, masu mulki su kan ce bai faru ba. 'Yan kasuwa su ɗaga kayansu bisa katako tun kafin marka, kowane layi kuma ya ware wani abu cikin adashinsa domin ɗan'uwan da ruwa ya karya. Matasa su fito gayyar yashe kwata ran da mai unguwa ya sa. Cikin bazara a riƙa leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai, a kai musu ruwa, a fito da su inuwa. Duk mai ɗan fili a ƙofar gida ya dasa itace ɗaya ya kewaye shi da ƙaya.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, masu neman ƙuri'a za su zo, domin ba su taɓa fashi ba. Za su zo da atamfa da sabulu da taliya. Ran da suka tsaya a ƙofar rumfarka, ka nuna musu lambatun da ke gabanka, ka buɗe musu littafin mazaɓarku, ka tambaye su ina kuɗin muhalli ya shiga. Wanda ya ce maka ikon Allah ne, ka ce masa ka yarda, sa'an nan ka sake maimaita tambayar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya da shugabanni marasa tausayi. Allah ya ba talaka sawaba.